Inna ta ji waƙar soyayya ta yi salati

Wata Asabar da hantsi, a gidanmu na unguwar Bagalam a Maraɗi, Inna tana zaune bakin murhu tana suyar ƙuli-ƙuli. Yayar mahaifiyarmu ce, kuma tun tana amarya take wannan sana'a, yau shekara 40 da ɗoriya. Jikarta na gefe tana murza tunkuza tana miƙa mata, ta jingina salula jikin turmi, waƙa tana tashi. Irin waƙoƙin nan ne na finafinan Kano, namiji ya ja baiti mace ta karɓa. Ban riƙe kalmomin ba, amma zancen sananne ne: an yi nisa, barci ya ƙaura, da an ambaci sunan masoyi sai gaba ya faɗi, kuma in har aka mutu ba a sa shi a ido ba, to an yi zuwan banza duniya.

Sai na ga cokalin suya ya tsaya a hannun Inna. Ta ɗaga kai ta ce, "Sallallahu alaihi wa sallam." Ta sake faɗa. Ta kama bakin kallabinta ta share ido.

Yarinyar ta bushe da dariya. "Inna, wannan fa ba yabo ba ne. Saurayi ne da budurwarsa."

"Na jiya, kishiya," in ji Inna. "Shi ya san wadda shika yi ma. Ni kau na san wanda nika tunawa."

Ƙanena yana bakin zaure yana jin mu. Mutum ne mai karatu, mai tsoron Allah, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya shigo ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki yi istigfari. Ba a haɗa ambaton Ma'aiki da kiɗan fiyano." Inna ba ta tanka ba, ta ci gaba da kwashe ƙulinta. Ni da shi kuwa muka kwashe kusan mako muna wannan magana, a gida, a hanyar masallaci, har a waya. Abin da ban iya faɗa masa da kyau ba a lokacin shi nake son in rubuta yau, domin na lura ba Inna kaɗai ke jin abin da ta ji ba. Na ga ɗan kabu-kabu da ya ce mini akwai waƙar da in ya ji ta sai ya tsaya ya yi alwala. Na ga tela da ke bin amshin waƙar soyayya yana musanya sunan yarinyar da "Rabbana". Mafi yawansu a ɓoye suke yi, suna jin kunya, kamar wanda ya saci wani abu.

Ina tare da Inna. A ganina ba ta saci kome ba, kuma ba ta rikice ba. Kalmomin da ta ji ta mayar da su gidansu ne.

A saurari abin da waƙoƙin nan ke cewa, a ajiye kiɗan gefe. Ba ni da kowa sai kai. Da tunaninka nake kwana, da shi nake tashi. Kai ne farkona, kai ne ƙarshena. Na san ba za ka taɓa barina ba. To wane ɗan Adam ne zai iya ɗaukar wannan kaya? Wanda ake gaya wa haka yana barci, yana mantuwa, ransa yana ɓaci in an yi jinkirin abinci, zai tsufa, kuma wata rana za a ɗauke shi a makara ko yana so ko ba ya so. An yanka rigar da awon da ya fi ƙarfin jikin mutum. Mawaƙin bai yi niyyar wa'azi ba, kasuwarsa yake nema, amma da ya tashi neman kalmar da za ta kai zurfin abin da zuciya ke ji, sai ya tarar ƙananan kalmomi ba su isa ba, ya miƙa hannu ya ɗauko manya. Manyan nan kuwa suna da Mai su. Wanda ba ya barin bawa, wanda gyangyaɗi ba ya kama shi balle barci, Shi ne Na Farko kuma Na Ƙarshe, duk yaron da ya yi makarantar allo ya san ko wane ne. Don haka in tsohuwa mai shekara 70, wadda ta binne miji da 'ya'ya biyu, ta ji an ce "ba ni da kowa sai kai", ina kuke so zuciyarta ta nufa?

Na kuma lura Inna tana rarrabewa, ba tare da wani ya koya mata ba. Inda aka yi zancen ɗokin gani da nisan gari, salati take yi, domin Madina ce a ranta. Shekara da shekaru tana zubin adashi da niyyar kujerar Makka, kuɗin kujera kuma kullum yana gaba da ita. Inda aka yi zancen dogaro da miƙa rai, sai ta ce "Ya Allahu". Abin da ke na Ubangiji ba ta ba Manzo, wannan kuwa shi ne tauhidin da muke ta jayayya a kansa.

Harshenmu ma bai raba ɗaki ba. Kalmar bege guda ce. Da ita saurayin da ya tafi haƙar zinariya Jado yake kwatanta halinsa in ya tuna wadda ya bari a Tibiri, da ita kuma sha'iri yake kiran waƙarsa ta yabon Annabi. Shauƙi haka, ƙauna haka, masoyi haka. In Bahaushe zai yi wa Manzon Allah kirari, cikin mafi daɗin abin da yake cewa akwai Angon Hadiza, Angon A'isha, Baban Fatima. Ta ƙofar aure da haihuwa yake shiga, domin nan ne ya fara sanin mene ne so.

Ƙanena ya ce wannan ai wasa da kalmomi ne, a kawo masa abin da magabata suka yi. Sai na tuna masa Ka'abu ɗan Zuhairu. Mawaƙi ne ɗan mawaƙi, ya yi wa Annabi zambo har aka halatta jininsa. Bayan an buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, ɗan'uwansa Bujairu, wanda ya riga shi musulunta, ya aika masa cewa ya zo ya tuba, domin Annabi ba ya kashe wanda ya zo da tuba. Ka'abu ya iso Madina, ya shiga masallaci, ya sa hannunsa cikin hannun Manzon Allah, ya bayyana kansa, sannan ya fara waƙar neman afuwa. Da me ya buɗe ta? Da wata mace mai suna Su'adu. Ta tafi ta bar shi, zuciyarsa ta kamu da ciwo, ya zama kamar fursunan da ba a fanshe shi ba. Ya kwatanta muryarta, ya kwatanta idonta mai kwalli, ya kwatanta haƙoranta in ta yi murmushi, ya koka da yadda take saɓa alkawari. Daga nan ya shiga siffanta taguwar da za ta kai shi inda take, sai can gaba ya iso kan tsoronsa da fatansa na samun afuwar Manzo. Duk wannan a cikin masallaci, sahabbai suna zaune. Ba a katse shi ba. Malaman tarihi sun kawo cewa Annabi ya yafa masa mayafinsa. Wannan ƙasida har yau ana karanta ta a zaurukan malamai, ana yi mata sharhi baiti bayan baiti, da Su'adu da kwallinta da kome.

Na san amsar da ake bayarwa: al'adar Larabawa ce su buɗe waƙa da zancen mace, Ka'abu bin al'ada ya yi. Gaskiya ne. Amma al'adu nawa Musulunci ya rushe a take? Wannan an bar ta, kuma masu yabo da suka zo daga baya suka mai da ita tsani. Burda ta Imam Busiri, wadda aka yi a Masar a ƙarni na 13, wadda muke jin ta tana tashi daga unguwanni duk watan Mauludi tare da Ishiriniya, da kukan masoyi ta fara: hawaye gauraye da jini saboda tuna maƙwabta da suka yi nisa, da mai so da ke ƙoƙarin ɓoye sonsa idanunsa suna tona shi, da mai zargi da ake ba haƙuri. Sai an wuce baiti 30 kafin a ambaci sunan Annabi. Wanda bai san ta ba, in aka fassara masa farkonta da Hausa, zai rantse waƙar saurayi ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasarmu Nijar ta yau, yana da shekara 20 ya yi ƙasidarsa ta Larabci yana tambaya ko akwai hanyar da za ta kai shi Ɗaiba, wato Madina, da gaggawa ya ziyarci kabarin Manzo, yana zancen hawaye da zuciyar da ta ƙi zama. Ya rasu a 1817 bai je ba. Ciwon da Inna ke fama da shi ke nan, ba ragi.

Wanda ya fi zama a kan wannan mas'ala cikin malaman da na karanta shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. A cikin littafinsa Ihya'u ya ware babi guda a kan sauraro. Abin da ya kafa shi ne sauti ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, tono abin da ke kwance yake yi, kamar yadda ƙyastu ke fitar da wutar da ke ɓoye a dutsen ƙanƙara. Ya kawo labarin wani bawan Allah da ya ji mai talla a kasuwa yana cewa kokwamba goma a ƙwandala. Kalmar kokwamba a Larabci ita ce kuma kalmar zaɓaɓɓun mutane. Sai mutumin ya kiɗime, ya ce in mutanen kirki goma ne a wannan farashi, to nawa za a sayi miyagu? Mai talla kokwambarsa yake sayarwa, bai san wa'azin da ya yi ba. Idan kiran mai talla zai iya tada zuciya haka, ina ga baitin da aka gina shi musamman a kan rabuwa da ɗoki?

To amma ƙanena ba da ka yake magana ba, kuma zan zalunce shi in na nuna haka. Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kusan duk almajirin fiƙihu a ƙasar nan ya ratsa, ta faɗa ƙarara cewa bai halatta mutum ya yi gangancin sauraron kayan kiɗa da waƙa ba. Abdullahi ɗan Mas'udu ya fassara "lahwal hadisi" da ke aya ta 6 a Suratu Luƙman da waƙa. Manyan malamai irin su Ibn Ƙayyim sun yi rubutu mai zafi a kan haka, ko da yake shi ɗin ma ya wallafa littafi sukutum a kan so da masoya, cike da baitocin Larabawa. Saɓanin kiɗa tsoho ne, ya girme ni ya girmi Maraɗi, kuma ni ba mai fatawa ba ne. Wanda ya bar kiɗa don Allah ya yi abin da ya fi aminci, ina girmama shi. Abin da na ƙi yarda da shi daban ne: a ce wa wadda ta ji baiti ta tuna Manzon Allah ta tuba daga tunawar.

Gazali da kansa ya kafa shinge, kuma shingen nasa yana da tsauri. Ya ce matashin da sha'awa ta rinjaye shi, wanda da ya ji an siffanta ido da kumatu sai surar wata da ba ta halatta gare shi ba ta tsaya masa, sauraro haramun ne a kansa. Ya kuma ce wanda zai ɗora baiti a kan alaƙarsa da Ubangiji dole ya san abin da ya kamaci Allah da abin da ya koru gare Shi. Wannan gargaɗi yana da muhimmanci ƙwarai a waƙoƙinmu, domin rabinsu ƙorafi ne: ka yaudare ni, ka canza, ka ci amanata. Babu ɗaya cikin waɗannan da za a fuskantar da shi ga Allah. Bawa ne ke canzawa, bawa ne ke cin amana. In mutum zai ji irin wannan baiti da kunnen ibada, to ya ji shi a matsayin tuhumar da ake yi masa shi.

Akwai kuma yaudarar kai, kuma tana da sauƙi. Saurayi zai iya cika salularsa da bidiyon rawa ya ce shi ma'ana yake bi. Ma'aunin da na sani ɗaya ne, kuma kowa zai iya auna kansa da shi ba sai an tsare shi ba: da waƙar ta ƙare, ina hannunka ya nufa? Na Inna carbi ya nufa. In naka lambar matar wani ya nufa, kai ma ka san abin da ka ji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tafiyar da ake yi ta ɗaya gefen, wadda ba na jin ana yi mata wa'azi yadda ya kamata. Inna ta ɗauki maganar da aka yi wa mutum ta kai ta sama. 'Ya'yanmu kuwa suna ɗauko maganar da ta dace da Allah suna jibga wa junansu, kuma da gaske suke. Ku zauna a kowace fadar samari da dare, daga unguwar Zariya zuwa ta Ali Ɗan Tsoho, ana dafa shayi, ku ji yadda yaro ɗan shekara 19 ke zancen yarinya. Ita ce numfashinsa. In babu ita babu amfanin rayuwa. Na san wani a unguwarmu da aka ba wani mai hali yarinyar da yake so. Wata shida yaron nan bai san inda kansa yake ba, ya bar gareji, ya faɗa shan tiramol, sai da ƙyar da addu'ar uwa aka samo shi. Mutane suka ce asiri ne. Ni abin da na gani shi ne yaro ya ɗauki duk abin da zuciya ta tanada don Wanda ba ya gushewa ya damƙa wa 'yar shekara 16 da ba ta da ikon ko zaɓar mijinta. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala. Wanda ya so mutum irin son da ake yi wa Allah ya fi shi wahala, ko da an ba shi ita. Ana ɗaura aure da alkawarin da ba ya hannun ɗan Adam, wata uku a gane cewa miji mutum ne, mata ma mutum ce, sai a ce so ya ƙare. Alƙur'ani da ya zo zancen ma'aurata a Suratur Rum, ƙauna da jinƙai ya ambata, da natsuwa. Awon mutum ke nan, kuma ya isa a yi zaman shekara 50 a cikinsa.

A nan ne nake da ƙorafi a kan mu manya, da malamanmu na kowane ɓangare. Maraɗi gari ne na wa'azi. Lasifika ba ta hutawa, gidajen rediyo cike suke da malamai, kuma an san mu da zafi a kan abin da muka ɗauka saɓo ne. Masu shekaru ba su manta Nuwamban 2000 ba, lokacin da fushin bikin nuna tufafi da aka shirya a Yamai ya sauka a titunan garin nan. Yaro ya tashi ya haddace siffofin wuta, ya san azabar kabari, ya san jerin abubuwan da ke warware alwala da masu warware Musulunci. Duk ilimi ne, ba na raina ko ɗaya. Amma sau nawa ya ji an zauna an yi masa darasi guda cur a kan sunan Allah Al-Wadudu, wanda ya zo a Suratu Hud da Suratul Buruj? Sau nawa aka tsaya da shi a kan aya ta 54 ta Suratul Ma'ida, inda Allah ya siffanta wasu mutane da cewa Yana son su suna son Sa, kuma Ya fara ambaton son da Yake yi musu? Ga hadisin matar nan da ke cikin kamammun yaƙi tana neman jaririnta, da ta same shi ta rungume shi ta ba shi nono, Annabi ya tambayi sahabbai ko suna ganin za ta jefa ɗanta a wuta, suka ce a'a, ya ce Allah ya fi jinƙan bayinSa fiye da yadda wannan ke jinƙan ɗanta. Ga wanda ya ce an raba rahama kashi 100, aka saukar da kashi 1 duniya, daga cikinsa ne har dabba ke ɗage kofatonta kada ta taka ɗanta. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. Manzon Allah ya nuna wa sahabbai so na halitta da idonsu, ya ce su hau ta kansa su fahimci na Mahalicci.

Zuciyar yaro tana da ƙishi, kuma za ta sha a inda ta samu. In bai ji kalmar so a bakin malaminsa ba sai tare da "haramun", zai je ya koye ta wurin mai fiyano. Mun bar wa mawaƙa kalmar, sannan muna mamakin yadda suka fi mu kusa da 'ya'yanmu. Masu yabo sun gane wannan tuntuni, shi ya sa tun shekarun baya wasu a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora yabon Annabi a kai. Ban cika natsuwa da wannan dabara ba, domin sau da yawa kari yana rinjayar kalma, baki yana yabo ƙafa tana tuna rawar fim. Wasu kuma shauƙi ya kwashe su har suka faɗi abin da ba ya faɗuwa. Amma ko ba kome sun ga ƙishin, ba su ce wa mai jin sa ya yi shiru ba.

Da na gaya wa ƙanena wannan, ya yi jim, ya ce, "Yaya, ni tsoro nake ji mata." Na yarda da shi, don na san son da yake yi wa Inna, shi ne ke kai ta asibiti duk wata a kan babur. Na roƙe shi abu guda: maimakon ya ce ta tuba, ya zauna ya fassara mata farkon Burda da ƙasidar Shehu da Hausa, tun da shi ne mai Larabci a gidan. Ita tana rera Ishiriniya tun tana yarinya, ba ta taɓa sanin ma'anar baiti ɗaya ba. Bai amsa mini a ranar ba. Daren Juma'ar da ta biyo na dawo daga lisha na tarar da shi zaune kan tabarma gabanta da littafi da fitilar salula, yana karantawa yana fassarawa a hankali, tana cewa "Sake faɗi, Malam," yana sakewa.

Bai canza ra'ayinsa a kan kiɗa ba, ita ma ba ta bar waƙarta ba. Da safe ta kwance bakin zane ta ba jikarta dala ashirin, ta ce ta kai ƙaramar wayarta wurin mai tura waƙoƙi a bakin babbar kasuwa a sa mata waccan ta ranar Asabar. Yarinyar ta je ta dawo ta ce mutumin yana tambaya ko a cikin na soyayya zai sa ta ko a cikin na bege, don a rarrabe suke a wurinsa.

"Ki ce mai ya sa ta inda hannuna ka saurin kaiwa," in ji Inna. "Idona ba shi gani sosai."